Yadda Muka Raba Allunanmu da Dalma

Kamfanin da nake yi wa aiki ba babba ba ne. Allunan lantarki muke haɗawa na na'urorin awo da ake kafawa a masana'antu: mai auna zafin tukunyar tururi, mai auna ƙarfin ruwa a bututu, mai kashe famfo idan tanki ya cika. Kaya ne da ake ɗaurewa a bango a manta da su shekara 15 ko 20. Yawancin masu saye a ƙasashen Tarayyar Turai suke, don haka dokarsu ce ke juya aikinmu.

Dokar da ake kira RoHS ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2006. Ta taƙaita amfani da dalma da zaiba da kadmiyam da wani nau'in kuromiyam da sinadarai biyu na hana kama wuta a cikin kayan lantarki. A zagayen farko ba ta taɓa mu ba. Talabijin da kwamfuta da wayar hannu da kayan wasan yara ta kama, ta bar na'urorin asibiti da na awo a gefe saboda fargabar abin da zai sami ƙarkonsu. Da aka sake rubuta ta a 2011 sai aka jawo mu ciki, aka yanka wa na'urorin awo na masana'antu wa'adin 22 ga Yuli, 2017. Ni aka ɗora wa aikin sauya layinmu kafin ranar, kuma ba da farin ciki na karɓa ba. Solda ita ce gaurayen ƙarfen da ake narkawa a liƙa sassa a jikin allo, kuma mai kashi 63 kuza da kashi 37 dalma ta yi wa masana'antar lantarki hidima fiye da rabin ƙarni. An san halinta ciki da bai: yadda take narkewa, yadda take tsufa, da inda take karyewa. Yanzu an ce mu ajiye ta mu ɗauki wadda ba ta da dogon tarihi, mu kuma ci gaba da yi wa mai saye alkawarin shekarun da muka saba.

Yadda dokar ke awo shi ne ya tsara duk abin da ya biyo baya. Iyakar dalma kashi 0.1 cikin 100 ce, ta kadmiyam 0.01. Amma ba da nauyin na'urar gaba ɗaya ake lissafi ba. Kowane abu guda da ba ya rabuwa zuwa wani abu daban, shi kaɗai ake aunawa: rufin da ke kan ƙafar ayisi (ɗan baƙin sashen lantarki mai ƙafafu da yawa) daban, ƙarfen ƙafar daban, robar da ta lulluɓe waya daban, fentin akwati daban. Na'ura mai kilo 5 tana iya faɗuwa a awon saboda ɗigon solda guda a cikin rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa.

Watannin farko a kan takarda suka ƙare. Na bi jerin kayan da muke saye ɗaya bayan ɗaya ina neman shaidar masu ƙera su, inda babu shaida kuma mu haska abin da na'urar XRF, wadda ke faɗin ƙarafan da ke cikin abu a cikin daƙiƙu kaɗan. Dalma ta fito a inda ba a zata ba, kamar robar tsofaffin wayoyi da muka daɗe da ajiyewa a sito. A mahaɗan farin ƙarfe ma ta fito, amma wannan doka ta yi masa togaciya: har kashi 4 cikin 100 a gaurayen jan ƙarfe, saboda dalmar ce ke sa ƙarfen ya yanku da kyau a inji. Babban abin da binciken ya nuna mini kuwa shi ne, ashe mun daɗe da shiga sauyin. Masu ƙera ƙananan sassa sun koma rufin zallar kuza tun wajen 2006, wasunsu ba su ko canza lambar kaya ba, domin babu mai buɗe layi biyu saboda 'yan tsirarun masu saye irinmu. Togaciyar da dokar ta yi mana a zagayen farko, wadda muke taƙama da ita, ta kare soldar da muke zubawa ne kawai. Ƙafafun da muke liƙawa da ita tuni sun rabu da dalma.

Daga nan muka shiga maganar zafi, wadda ita ce uwar sauran matsalolin. Tsohuwar solda tana narkewa a digiri 183 na ma'aunin Salshiyos. Wadda muka zaɓa don sassan da ake liƙawa a fuskar allo, SAC305, kashi 96.5 kuza ce, kashi 3 azurfa, rabin kashi jan ƙarfe, kuma ba ta fara narkewa sai digiri 217. Bambancin digiri 34 ne, amma abin da ya ƙuntata shi ne filin da ke tsakanin ƙasa da sama. Dole mahaɗi mafi sanyi a allo ya kai wajen digiri 235 kafin solda ta gudana yadda ya kamata, alhali ƙananan sassa ba sa jure fiye da 260, manya masu kauri ma 245 ne iyakarsu. Allonmu kuwa yana ɗauke da ƙaton taransifoma a wannan gefe da ƙananan kafasita a wancan. Taransifoma na shan zafi a hankali, kafasita na ɗauka nan take. Muka liƙa wayoyin auna zafi a wurare daban-daban na allo, muna tura shi cikin tanderun da ke narka soldar, muna rage gudun bel ɗin da ke jan allon, muna ƙara lokacin jiƙa allo da zafi kafin a kai ƙololuwa, har sai da zafin da wayoyin ke nunawa ya matso kusa da juna. Kowane samfurin allo sai da ya sami nasa tsarin. A da tsari ɗaya yana ɗaukar kusan duka.

Zafin ya tono abubuwan da a da suke kwance. Baƙar robar da ke lulluɓe ayisi tana shan danshin iska. Idan ta shiga tanderu danshin ya zama tururi ya tsaga ta daga ciki, wani lokaci ba a gani da ido sai an yi hoto. Dole muka fara rubuta lokacin da aka buɗe kowace ledar ayisi, muka sayi kabad mai busar da iska, abin da ya wuce lokacinsa kuma a gasa shi a digiri 125 na sa'o'i masu yawa kafin a ɗora. Shi kansa allon, mai hawa-hawa na zaren gilashi da danƙo, ya riƙa kumbura yana rabuwa a wasu wurare idan ya bi tanderu sau biyu sannan aka yi masa gyara da hannu. Muka koma wani nau'i mai jure zafi, mai tsada. Wasu mahaɗan roba suka lanƙwashe, aka sauya su.

Tukunyar da ke narka solda don sassa masu ƙafa a rami ita ma ba ta tsira ba. Narkakkiyar kuza mai yawa tana cin ƙarfe. Tana cin jikin tukunyar da famfon da ke tura ta, tana cin jan ƙarfen da ke bakin ramin allo idan aka daɗe ana taɓawa, tana cin kan ayan, wato ƙarfen narka solda na masu aikin hannu, har ya riƙa ƙarewa da wuri. Wanke tsohuwar tukunya ba ya isa, domin ragowar dalma kaɗan za ta tsallake iyakar 0.1. Sabuwa muka saya mai rufin da kuza ba ta ci. A cikinta ba mu zuba SAC305 ba, saboda cika tukunya mai ɗaukar ɗaruruwan kilo da gauraye mai azurfa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Gaurayen kuza da jan ƙarfe mai ɗan nikel muka zuba, wanda ke narkewa a digiri 227.

Akwai wani dattijo da ke duba aiki a ƙarshen layi tun kafin a ɗauke ni. Ranar da allunan gwaji na farko suka iso teburinsa, ya ware su gefe gaba ɗaya.

"Injiniya, wannan ba zan sa masa hannu ba. Dubi fuskar soldar, duk ta dushe. Ba ta nuna ba."

"Baba, ku sa a madubi ku duba gindin ƙafar. Haka launinta yake ko ta kama da kyau."

Yana da hujja. Duk tsawon aikinsa, ƙyalli shi ne alamar mahaɗi mai kyau, dishi-dishi kuma alamar zafi bai isa ba. Sabuwar solda tana daskarewa da fuska mai kaushi ko da komai ya tafi daidai, shi ya sa littafin ƙa'idar duba aiki na IPC-A-610 ya shigo da hotunanta tun bugun 2005. Muka yanka wasu mahaɗai muka goge su muka duba cikinsu tare, har ya gamsu. Bayan nan idonsa ne ya fara kama ainihin matsalar: sabuwar solda ba ta da saurin bin ƙarfe, kuma a ramukan da ke haɗe da faffadan jan ƙarfe ba ta hawowa ta cika rami. Ta ƙasa mahaɗin lafiya lau, ta sama rabi babu komai. Sai da muka ƙara ɗumama allo kafin ya taɓa tukunya, muka sake zanen wasu ramuka.

Duk waɗannan ana ganinsu a gyara su a mako ɗaya ko wata ɗaya. Abin da ya hana ni barci shi ne gashin kuza.

Idan aka rufe ƙarfe da zallar kuza, wani lokaci sai siraran zare na kuzar su tsiro daga jikin rufin da kansu. Ba sa buƙatar wuta ko ruwa. Kaurinsu bai kai na gashin mutum ba ko kusa, tsawonsu yawanci bai kai milimita ɗaya ba, amma an ga waɗanda suka kai milimita da yawa. Ƙarfe ne, suna ɗaukar wuta. Idan ɗaya ya miƙe daga wannan ƙafa ya taɓa ta kusa da ita, an sami shot, wato wuta ta bi inda bai kamata ba. Tazarar ƙafafun wasu ayisi da muke amfani da su rabin milimita ce daga tsakiya zuwa tsakiya, ratar da ke tsakaninsu kuma ba ta kai haka ba. Abin da ke tura gashin shi ne matsi a cikin rufin: jan ƙarfen da ke ƙasa yana kutsawa cikin kuza a hankali yana haɗa wani gauraye mai neman wuri, ko tsatsa, ko lanƙwasa, ko sauyin zafi da sanyi. Kuzar da aka matse sai ta nemi mafita ta sama, kamar yadda ciyawa ke fasa daɓe. Yana iya fitowa bayan makonni, yana iya yin shiru na shekaru sannan ya fito.

Matsalar tsohuwa ce. Masana a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka sun yi rubutu a kanta tun 1951, bayan ta addabi kayan layin tarho, kuma a cikin shekarun 1950 ɗin suka gano cewa zuba dalma kaɗan a cikin kuza yana kwantar da ita. Wato dalmar da doka ta ce a cire, ita ce maganin da aka dogara da shi shekara 50. A watan Mayun 1998 tauraron ɗan'adam na sadarwa Galaxy IV ya daina aiki, mafi yawan na'urorin feja na Amurka, waɗanda likitoci ke karɓar kiran gaggawa da su, suka yi shiru. Gashin kuza a cikin rile na kwamfutar da ke sarrafa tauraron aka ɗora wa alhakin mutuwar ɗaya daga cikin kwamfutocinsa biyu. A Afrilun 2005 wani sashe na tashar nukiliya ta Millstone a jihar Connecticut ya kashe kansa saboda gashi guda a kan allo ya ba da siginar ƙarya. Masu adawa da dokar suna yawan kawo waɗannan misalai, kuma gaskiya ne sun faru. Sai dai duka biyun sun riga dokar fara aiki. Ba ita ta haifi gashin kuza ba. Abin da ta yi shi ne ta mayar da zallar kuza, wadda a da ake kauce mata, ta zama rufin da ke kan kusan kowace ƙafa a kasuwa.

Babu hanyar da ke kawar da shi ɗungurungum in ba dalma ba, sai dai a rage haɗari ta fuskoki da yawa. Na raba sassanmu gwargwadon kusancin ƙafafunsu da kuma abin da zai faru idan suka haɗu. Inda tazara ta yi ƙanƙanta, muka nemi masu rufin nikel da faladiyam da zinariya, waɗanda ba su da kuza sam. Inda babu irinsu, muka nemi kuza marar ƙyalli mai shimfiɗar nikel a ƙasa, ko wadda aka gasa a digiri 150 na awa ɗaya bayan rufi, domin hakan na daidaita gaurayen da ke tsakaninta da jan ƙarfe. Kuza mai ƙyalli muka hana ta shiga gaba ɗaya, har a murfin ƙarfe da ƙananan maƙalai, domin gashin da ya karye daga can yana iya faɗowa kan allo. A ƙarshe muka shafe allunan da siririn danƙo mai kariya. Ba ya hana gashi tsirowa, amma yana wahalar da shi ya huda ya fito, ya sake huda ya shiga ƙafar maƙwabciya.

Masu ƙera sassa suna turo sakamakon gwajin da ƙungiyar JEDEC, mai kafa ƙa'idojin sassan lantarki, ta tsara: awa 4,000 a ajiye cikin ɗumi da danshi, da zagaye 1,500 na zafi da sanyi, sannan a auna gashi mafi tsawo. Awa 4,000 bai cika wata shida ba. A sauran nau'o'in lalacewa akwai lissafin da ke cewa wata kaza a zafi kaza daidai yake da shekara kaza a wurin aiki. Gashin kuza ba shi da irin wannan lissafi da masana suka amince da shi. Wanda ya ce maka ya tabbatar da shekara 20 da gwajin wata shida, ya faɗi abin da gwajin bai faɗa ba. Haka na rubuta wa shugabanninmu, haka kuma muka gaya wa masu saye.

Gwajin ƙarfin mahaɗan ya zo da sakamako mai fuska biyu. Mun sa tsofaffin alluna da sababbi a akwatin da ke sauka digiri 40 ƙasa da sifili ya hau 85, yana maimaitawa dare da rana, wasu kuma a kan teburin girgiza. SAC305 ta fi tsohuwar solda tauri. A inda bambancin miƙewar sashe da allo kaɗan ne, ta yi daidai da tsohuwa, a wasu wuraren ma ta fi ta daɗewa. A manyan rizista na tangaran da sassan da ba su da ƙafar da za ta lanƙwasa ta sha wahalar, ita ta fara tsagewa. A girgiza da faɗuwa kuwa taurin nata ya zama aibi: solda mai dalma tana ba da kai ta shanye bugu, wannan kuma tana miƙa shi ga abin da ke ƙasa, har faifan jan ƙarfen ya ɓalle da ɗan guntun allo a jikinsa. Saboda haka ne masu ƙera wayar hannu da yawa suka koma gauraye mai azurfa kashi 1, wanda ya fi jure faɗuwa amma bai kai wancan jure zafi da sanyi ba. Mu zane muka gyara. Babban rizista ɗaya ya zama ƙanana biyu, aka ƙara kusoshin ɗaure allo don ya rage lanƙwasa, aka matsar da manyan ayisi daga bakin ramin kusa, aka ɗiga danƙo a kusurwoyinsu. Bayan gyaran, sababbin allunan suka cimma tsofaffi. Ƙarkon ya dawo, amma da aiki da kuɗi aka dawo da shi, kuma kamfanin da ya sauya solda kawai ya bar zanensa yadda yake, kaya mafi rauni yake sayarwa ko bai sani ba.

A tsakiyar aikin ne na zauna na yi wa muhalli nasa lissafin, domin shi ne dalilin wahalar duka. Abin da na fara gani bai ƙarfafa mini gwiwa ba. Tanderunmu yana shan wuta fiye da da. Allunan da suka lalace a lokacin koyo shara ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da nazari a 2005 wanda ya bi solda iri-iri tun daga ma'adini har zuwa juji. Mai dalma ta fi muni a ɓangaren guba ga mutane da halittun ruwa. Mai azurfa ta fi muni a wasu ɓangarori da dama, kuma haƙar azurfa da tace ta ne suka jawo mafi yawan wannan nauyi. Wani abin lura, kaso mai yawa na azurfar duniya daga ma'adinan dalma da zinki ake samunsa a matsayin rarar aiki. Kuza kuma, wadda ta tashi daga kashi 63 zuwa sama da 96 a cikin solda, tana da nata tabon. Kusan rabin kuzar da duniya ke amfani da ita a solda take ƙarewa. A tsibiran Bangka da Belitung na Indunusiya an farfasa ƙasa da ramuka, ana kuma yashe ƙasan teku ana kashe murjani da wuraren kamun kifi. A gabashin Kwango kuza na cikin ma'adinan da suka ciyar da yaƙi, har dokar Dodd-Frank ta Amurka ta 2010 ta tilasta wa kamfanoni bayyana inda suke samo ta. Sannan ga girman abin da ake faɗa a kai: soldar lantarki ba ta kai kashi 1 cikin 100 na dalmar da duniya ke amfani da ita ba, alhali batirin mota da makamantansa suna cinye sama da kashi 80. Na ɗan jima ina ganin an gudu ne ba a tsira ba.

Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne tambayar inda kowace dalma ke ƙarewa. Ta batir a dunƙule take, kilo da yawa a akwati guda, tana da daraja, akwai mai saye, kuma a ƙasashen da ke da tsari kusan duka ana dawo da ita, ko da yake inda ake fasa batir a tsakar unguwa bala'i ne babba. Ta solda kuwa 'yan giram ce ko ƙasa da haka, a warwatse cikin biliyoyin na'urori, babu mai iya bin sawunta. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an samar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. Sauran yana juji, ko yana hannun masu fasa shi da guduma da wuta. A garin Guiyu na ƙasar Sin an shafe shekaru ana ɗora alluna a kan garwashi don solda ta narke a cire ayisi, kuma binciken da aka buga a 2007 ya sami mafi yawan yaran da aka gwada a garin da dalma mai yawa a jini. Agbogbloshie a birnin Accra ya yi suna da hayaƙin ƙona wayoyi kafin a rushe wurin a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin yaro yana shanye ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke shanyewa daga abin da ya haɗiya. Illar da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta warkewa. Ni ba ni da iko a kan wanda zai fasa allona bayan shekara 20. Ikona yana kan abin da na zuba a ciki, kuma ƙarin kuɗin wuta da nake biya ba ya kama ƙafar wannan.

Ko a cikin masana'anta akwai riba da hasara. Dalma ba ta tashi a hayaƙi a zafin da ake solda. Ta hannu take shiga baki, da ƙurar dattin da ake kwashewa daga saman tukunya. Wannan haɗari ya tafi. Hayaƙin da ake gani na fulaks ne, sinadarin da ke tsabtace ƙarfe don solda ta kama, shi ne mai jawo asma, kuma sabuwar solda tana son fulaks mai ƙarfi da zafi mai yawa. Wasu ma'aikata sun ɗauka tunda babu dalma an huta da na'urar zuƙe hayaƙi. Sai da muka ƙara mata ƙarfi.

Goyon bayan da nake ba dokar yana da sharaɗi guda: na'urar ta rayu tsawon da za ta rayu a da. Solda ɗan ƙaramin kaso ce na abin da duniya ta biya kafin a ƙera allo. Mafi yawansa yana cikin ayisi da aka sarrafa da ruwa da wuta masu yawa, da zinariya, da jan ƙarfe, da jigila. Na'urar da ta mutu a shekara 8 maimakon 16 ta ninka duk wannan, kuma 'yar dalmar da aka kauce wa ba za ta biya shi ba. Don haka ba na kallon togaciyoyin dokar a matsayin zamba. Kayan soja da na sararin samaniya suna wajenta gaba ɗaya, domin babu mai hawa ya gyara tauraron ɗan'adam. Solda mai dalma kashi 85 ko fiye, wadda ake liƙa ƙwayar silikon da ita a cikin sassa masu ɗaukar wuta mai yawa, an bar ta saboda dole ta ƙi narkewa lokacin da ake liƙa sashen a allo, kuma an sha sabunta wannan togaciya don ba a sami madadin da ya gamsar a ko'ina ba. Allunanmu da ke ɗauke da shaidar bin doka suna da irin waɗannan sassa, da dalmarsu a ciki. Abin da nake ƙi shi ne kamfani ya fake da togaciya don gudun aikin gwaji, ko kuma ya ɗora wa doka laifin kayan da tun asali zanensu ba ya fitar da zafi.

Mun cika wa'adin. Takardun shaida suka shiga fayil ɗin da doka ta ce a ajiye shekara 10, alamar CE, mai nuna kaya sun bi ƙa'idojin Tarayyar Turai, ta hau akwati da sabuwar ma'ana. Amma aikin bai rufe ba, domin tsofaffin na'urorinmu suna nan a masana'antu suna dawowa gyara, kuma doka ta yarda a gyara abu da irin kayan da aka ƙera shi da su. Teburin gyara biyu muke da su yanzu, kowanne da ayan ɗinsa da soldarsa da soson goge kan ayan, kuma kowane sabon allo yana ɗauke da alamar gaurayen da ke jikinsa don mai gyara ya sani kafin ya kunna wuta. A 2021 kuma sinadarai huɗu na laushin roba da aka ƙara a jerin suka hau kan na'urori irin namu, muka sake bin wayoyi da robobi ɗaya bayan ɗaya.

Maganar da ke gabanmu yanzu ita ce solda mai bismut. Gaurayen kashi 58 bismut da 42 kuza yana narkewa a digiri 138, ƙasa da tsohuwar solda ma. Zai rage shan wutar tanderu sosai, ya sassauta wa allo da sassa, kuma wasu masu ƙera kwamfuta sun riga sun fara amfani da shi. Shugabanninmu suna so, kuma ta fuskar muhalli ina ganin abin da suke gani, ko da yake shi ma bismut yawancinsa daga tace dalma da tangistan ake samunsa. Na ce a dakata saboda dalilai biyu. Gaurayen yana da gautsi, ga na'urorinmu a jikin injuna masu girgiza suke kwana, wasu a wuraren da zafi ke kai digiri 85. Na biyu, idan bismut ya haɗu da dalma da kuza, ana samun wani gauraye da ke narkewa a wajen digiri 96, kuma muddin tsofaffin alluna suna shigowa ɗakin gyaranmu, ayan guda da aka ɗauka daga teburin da ba nasa ba ya isa ya jawo hakan. Na amince a gwada shi a kan allon nuni na gaban akwati, wanda ba ya zafi kuma ba ya kashe famfo ko kunna shi. Allon da ke sarrafa injin zai ci gaba da SAC305 har sai samfuran bismut sun bi akwatin zafi da sanyi da teburin girgiza, an yanka mahaɗansu an duba.